Yadda na raka ƙanena makaho daga rajistar JAMB har zuwa lamunin karatu

Tun da Auta ya samu gurbin karatu, iyayen yara masu lalurar gani suke ta sallama a gidanmu da ke Tudun Wada suna tambayar ta inda muka bi. Wasu daga Giwa, wasu daga Soba, har da wata baiwar Allah da ta taso tun daga Maƙarfi da 'yarta. Bayanin baki kuwa rabinsa a hanya yake zubewa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi a jere. Ni malamin firamare ne. Auta ƙanena ne ciki ɗaya, ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ɗan shekara 4. Ya yi firamare a makarantar kwana ta masu buƙata ta musamman a Kaduna, can ya koyi rubutun makafi, sannan ya yi sakandare a cikin masu ido, ya kuma fito da kiredit ɗinsa. Zirga-zirgar da zan ba da labarinta ta faro ne daga ƙarshen 2024.

Kafin mu taka ko wane ofis, wurin wani dattijo muka fara zuwa a Sabon Gari. Shi ma makaho ne, tsohon malamin sakandare, kuma jigo a ƙungiyar makafi ta nan Zariya. Malam kawai muke ce masa. Shi ya fara jiyar da mu dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Daga wayarsa ya kunna ta, muryar na'ura tana zuba Turanci da gudun da ni ban tsinci ko kalma ɗaya ba, shi da Auta kuwa sai gyaɗa kai suke yi. Da ya rage mata gudu sai na ji abin da ta ƙunsa. Nakasasshe yana da haƙƙin karatu ba tare da wariya ba. Karatunsa kyauta ne har ƙarshen sakandare. Kowace makarantar gwamnati, daga firamare har jami'a, dole ta tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don irin waɗannan ɗalibai, kuma hukumar nakasassu ta ƙasa ce za ta samar da kayan taimakon karatu. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Sai Malam ya kashe wayar ya ce da ni, "Ɗana, ka lura da inda kyautar ta tsaya. Sakandare. Ƙanenka kuwa ya gama sakandare. Daga nan duk abin da zai samu, sai in takarda ta nuna makaho ne tun daga tushe. Wanda ba a rubuta ba, ba a lissafa da shi."

Bisa shawararsa, aikin farko da muka yi a gida ne. Na baje takardun Auta a kan tabarma: ta NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), sakamakon jarrabawar sakandare, takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ina karantawa harafi-harafi yana saurare. Nan muka gano cewa wanda ya yi masa rajistar NIN a wani shago shekarun baya ya gutsure sunan mahaifinmu, alhali a sauran takardun cikakke yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye, abin da ke can shi zai bi ɗalibi har ranar da zai tafi bautar ƙasa. Gyaran sai da muka biya kuɗi, muka kuma jira 'yan makonni kafin ya fito. Da a ce sai an buɗe rajista muka lura, da ta wuce mu.

Daga nan sai takardar likita. Wani asibitin gwamnati muka je, kuma ba kowace rana ake ganin masu ciwon ido ba, don haka a fara tambayar ranar kafin a ɗauko yaro. Bayan sallar asuba muka fita cikin hazo, muka yanki kati, muka zauna a benci har rana ta take. Mafi yawan 'yan layin tsofaffi ne masu yanar ido, kowa da jikansa riƙe da sanda. Wata tsohuwa ta ji Auta yana ba ni amsa da Turanci, ta ce, "Ikon Allah! Ɗan nan, boko kake yi a haka?" Ya ce mata, "Iya, jami'a ma zan tafi in Allah ya yarda." Ta yi ta sa masa albarka har aka kira mu. Likitan ya haska idon, dubawar ba ta kai minti biyar ba, amma takardar sai da muka koma wani mako. Da na karɓa sai na ga layi biyu ne, wai mai ɗauke da wannan takarda yana da matsalar ido. Mai neman tabarau ma ai matsalar ido gare shi. Na koma ciki na roƙi likitan ya rubuta a fili cewa ba ya gani kwata-kwata, kuma lalurar ta dindindin ce, a sa hatimin asibiti da kwanan wata. Ya ɗan ɓata rai, amma ya sake rubutawa. Kati da takarda da kuɗin Napep sun ci mini kusan naira 10,000. Wannan takarda ita muka yi ta nunawa ko'ina daga baya, ita ce kuma tushen takardar shaidar nakasa da dokar 2018 ta ce hukumar nakasassu ta riƙa bayarwa bayan likita ya tabbatar. Na yi mata fotokofi da yawa, na kuma ɗauki hotonta a waya.

An buɗe rajistar JAMB a farkon Fabrairun 2025. Mun sayi sabon layin waya da sunan Auta, domin layin da wani ya taɓa yin rajista da shi ba ya yi. Aka rubuta NIN, aka bar tazara, aka sa lambar, aka tura zuwa 55019, sai lambar sirrin buɗe rajista ta dawo. Kuɗin fom a shekarar naira 7,200 ne, in da jarrabawar gwaji 8,700. A nan ne wurin da nake so kowa ya buɗe kunne. Cibiyar rajistar da muka je cike take maƙil, matasa sun yi dafifi a ƙofa, janareto na ta ruri. Mai gadi ya taimaka ya shigar da mu ba tare da bin layi ba, wanda dama doka ta ba nakasasshe wannan. Yaron da ke kan kwamfuta yana aiki da sauri don ya sallami jama'a. Ya ɗauki hoton yatsun Auta goma, ni ina riƙe hannunsa ina ɗora kowane yatsa a kan gilashin. Ya tambayi darussa huɗu, ya tambayi makarantu, ya ɗauki hoto, har ya kai hannu zai tura. Sai Auta ya ce, "Yallaɓai, ban ji ka tambaye ni wurin nakasa ba." Yaron ya ce ai ba sai an cike wannan ba, ranar jarrabawa za a gani. Na ce a'a, ya koma baya. Da ya koma, ga gurbin nan an bar shi a kan babu nakasa. Ya canza zuwa makaho, nan take sai ga jerin cibiyoyin jarrabawar makafi ya bayyana, muka zaɓi Kano. Da an tura fom ɗin yadda yake, da an jefa shi wata cibiyar kwamfuta a Samaru ko Kongo cikin masu ido, a gaban allon da ba ya magana. Kafin mu tashi na karanta masa takardar da aka buga daga sama har ƙasa.

Azumi ya shigo a farkon Maris. Bayan tarawihi nake zama in karanta masa littafin labarin da JAMB ta sa don jarrabawar Turanci, da tambayoyin shekarun baya, yana naɗa a waya, da rana ya yi ta maimaitawa. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin an yi tilawar boko da daddare a gidan nan ba sai bana.

Bayan Sallah aka kira wayar Auta daga kwamitin JAMB mai kula da ɗalibai nakasassu, wanda ake kira JEOG. An kafa shi a 2017 zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, Farfesa Peter Okebukola ne shugabansa a lokacin, kuma yana gudanar da jarrabawar makafi a cibiyoyi 11 a faɗin ƙasa. Aka faɗa mana rana, aka ce ya zo da ɗan jagora ɗaya. A ƙarshen Afrilu muka hau mota a Kwangila sai Kano, cikin zafin nan na bazara. A Jami'ar Bayero aka yi jarrabawar. Gaskiya ita ce, a duk wannan tafiya nan ne kaɗai na ga an shirya wa zuwanmu tun kafin mu zo. An ba mu masauki da abinci, ni da shi, an ba da kuɗin mota, an ba kowane ɗalibi allon rubutun makafi da tsinkensa. Waɗanda ke da kiredit biyar kuma aka mayar musu da kuɗin fom, har da Auta. Ɗalibi yana da zaɓi, ko a ba shi tambayoyi a rubutun makafi, ko a riƙa karanto su da murya. Auta ya zaɓi a karanto.

Mu 'yan jagora a waje aka ajiye mu a inuwa, amma ta taga ina hango su kafin a rufe. Wanda bai taɓa ganin makafi suna rubutu ba, ga yadda abin yake. Ana saka takarda mai kauri a tsakanin allon, a datse ta. Kowane harafi gida ne mai ɗigo shida, ana huda wasu a bar wasu. Daga dama ake rubutawa zuwa hagu, kamar ajami, domin sai an juya takardar za a shafa tudun ɗigon daga hagu zuwa dama. In malami ya karanto tambaya ya maimaita, sai ɗakin ya ɗauki ƙyas-ƙyas-ƙyas na tsinkaye lokaci guda, sannan tsit, ana jiran ta gaba. Wani dattijo daga Katsina da ya rako jikarsa ya ce da ni shi a ƙauyensu ita kaɗai ce makauniyar da ta taɓa shiga aji. Maganarsa ba ta ba ni mamaki ba. Ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka yi rajistar JAMB a shekarar, makafin da suka zauna a duk ƙasa ba su kai 600 ba. Ka zagaya bakin kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Doka ranar Juma'a ka ƙirga yara nawa ke jan iyayensu ko ake jan su, za ka san ina sauran suke.

Sakamako ya fito, makinsa ya haura 150 ɗin da aka tsayar wa jami'o'i a shekarar da tazara mai kyau. Muka koma cibiyar rajista aka ɗora sakamakon sakandarensa a shafin JAMB, domin in babu shi a can ba za a duba sunan ɗalibi ba. Sai kuma tantancewar makarantar da ya nema, wata babbar makaranta a nan Zariya. Nan abin ya koma gidan jiya. Jarrabawar a kwamfuta za a yi, kuma da na je tambaya tun da wuri, ma'aikacin da na samu cewa ya yi, "Malam, mu fa ba mu da tsarin makafi a nan." Ban yi musu da shi ba, don ba shi ke yanke hukunci ba. Na koma wurin Malam, muka rubuta wasiƙa zuwa ga magatakardan makarantar, muka haɗa da takardar likita da takardar JAMB mai nuna ya zauna a cibiyar makafi, muka ambaci dokar 2018 cikin ladabi, ƙungiya ta sa hannu. Na kai kwafi biyu, na tsaya sai da sakatariya ta buga hatimin an karɓa a kan nawa. Shiru ya yi yawa, na yi ta leƙawa bayan na tashi daga makaranta, har masinjan ofishin ya san ni. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ana gobe jarrabawa aka kira ni, aka ce an ware wani malami zai karanta masa tambayoyi a ofis. Haka aka yi.

Jiran sunaye shi ya fi komai cin rai. Auta ya rame, kullum da asuba sai ya sa wayarsa ta karanta masa shafin JAMB. Ranar da gurbin ya fito ina aji ya kira ni, muryarsa na rawa, "Yaya, sun ba ni." A tuna, sai ɗalibi ya shiga CAPS, shafin ba da gurbin karatu na JAMB, ya danna ya amince, sannan ya buga takardar shaidar ɗauka. Gurbin da bai bi ta nan ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma zai ba da wahala wajen lamuni da bautar ƙasa.

Murna ba ta gama sauka ba sai ga lissafin kuɗin makaranta da wa'adin biya. Dokar lamunin karatu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ita ta kafa asusun NELFUND a tsarinsa na yanzu. Babu kuɗin ruwa, ba a neman mai tsaya wa ɗalibi, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma tura wa ɗalibi naira 20,000 duk wata in ya nema. Biya sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma ba a iya nema sai ɗalibi ya zama ɗalibi, wato yana da lambar shiga, kuma makarantarsa ta ɗora sunansa. Don haka kuɗin farko daga aljihu suka fito: Inna ta ɗauki adashenta, ni na ci bashin ƙungiyar malamai. Ana kuma buƙatar BVN, lambar tantancewa ta banki, da asusun banki na ɗalibin kansa. A wani banki da muka je, ma'aikaciyar ni take yi wa magana kamar Auta ba ya wurin, ta ce sai dai a buɗe da sunana, kuma ba sa ba makaho katin cirar kuɗi. Auta ya ce mata, "Hajiya, ni zan ci bashin, ni zan biya, asusun ma nawa ne." Sai da muka ga manaja aka buɗe, ya dangwala yatsa, aka ba shi katinsa. Sunansa ya daɗe bai hau shafin NELFUND ba daga ɓangaren makaranta, amma daga baya an amince, kuɗin wata sun fara shigowa. Wanda muka riga muka biya kuwa, har yanzu ina bin ofishin kuɗi na makarantar a mayar mana.

Da hanau gara mannau, ban raina 20,000 ba. Sai dai lamunin daidai yake ga kowa, mai ido da makaho, alhali kashe kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan ajinsu biro da littafi zai saya. Auta sai takarda mai kauri, sai rikoda, sai ɗan ihsani ga wanda ke karanta masa, sai kuɗin acaɓa inda wasu ke takawa da ƙafa, domin kwatoci a buɗe suke, duk da cewa wa'adin shekara 5 da doka ta ba gine-ginen gwamnati su gyara ya cika tun Janairun 2024. Babbar buƙata ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka. Manhajar NVDA mai karanta allo kyauta ce, amma kwamfutar ta hannu ma sai da ta haura naira 200,000, 'yan uwa ne suka yi karo-karo. Mun cike fom ɗin tallafin karatu na jiha, mun kuma kai takarda Kaduna muna neman kayan karatu, an karɓa an ce za a neme mu.

Masu zuwa gidanmu suna yawan tambayata batun gyaran dokar ilimi da suke ji a rediyo, ko zai kawo musu sauƙi. Ga abin da ke ƙasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, don firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9. Rabin kuɗin sai jiha ta ajiye nata daidai da na tarayya kafin ta karɓa. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin 100 na wannan asusu ne rabon ilimin masu buƙata ta musamman. Ni da nake koyar da lissafin aji huɗu na buga shi a allo: cikin kowace naira 100 ta kuɗin shigar tarayya, kwabo 4 ke nan, a raba wa jihohi 36 da Abuja. Lokacin da muke wannan zirga-zirga, akwai ƙuduri a gaban Majalisar Wakilai na ɗaga kason UBEC daga 2 zuwa 4, sannan a Fabrairun 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya kawo shawarar mayar da ilimin tushe shekara 12 a jere. Duka biyun ina goyon baya. Amma in an ninka asusun aka bar rabon nakasassu yadda yake, kwabo 4 ya zama 8 ke nan, kuma ko sisi daga ciki ba ya bin ɗalibi zuwa babbar makaranta. A ganina abin da ya kamata 'yan majalisarmu su ji daga bakinmu shi ne a rubuta rabon nakasassu a cikin dokar kanta, a ɗaga shi, sannan a sa kuɗin kayan karatu a matsayin tallafi ga nakasasshen da ya shiga jami'a ko kwaleji, ba bashi ba.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu mu malamai. Duk shekara ana kawo fom ɗin ƙidayar makarantu, a ciki akwai gurbin yara masu lalurar ji, gani ko tafiya. Na sha ganin an ja masa layi an wuce don a gama da wuri, alhali ga yarinya can a bencin baya da sai ta kalli bakinka take gane abin da ka faɗa. Da wannan ƙidaya ake tsara kasafi. Iyaye su je su tambayi hedimasta ko an sa ɗansu a wannan gurbi, tun yana aji ɗaya.

Ga mai shirin bin wannan hanya, a fara da daidaita suna da ranar haihuwa tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, a karɓi takardar likita mai bayani a fili kafin a buɗe rajista. Kada a aiki kowa da rajistar JAMB, a tsaya a kan mai kwamfuta har a ga gurbin nakasa da ido. Duk buƙatar da za a kai ofis a kai ta a rubuce, kwafi biyu, a karɓo ɗaya da hatimi, domin wanda ya yi maka alkawarin baki ana iya canza masa wurin aiki gobe. A tanadi kuɗin zangon farko, kada a dogara da lamuni zai riga wa'adi isowa. A kuma bar yaron ya yi magana da bakinsa a kowane tebur. Sau da yawa abin da na yi ta lallami a kai, jimla ɗaya daga Auta ce ta warware shi.

Bayan an shiga ma da sauran aiki. Ɗakin kwana a ƙasa sai da muka rubuta wa ofishin harkokin ɗalibai, don da farko a bene na biyu aka sa shi. Takardun lacca kuma shugaban aji hotonsu yake ɗauka ya tura a WhatsApp, manhajar karatu kuwa ba ta iya karanta hoton rubutun hannu, don haka Auta yana bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su ba shi wanda aka buga a kwamfuta. Wasu sun ba shi, wasu sun ce sai sun duba. Wasiƙar neman mai karanta masa tambayoyi da ƙarin lokaci a jarrabawar zango mun kai ta tun makon da aka fara lacca, kuma shugaban sashensu ya ce kowane zango sai an sabunta ta.